Yadda Ake Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wuta Daga Boltej da Kwarara

Tambayar nan ta yi ta zuwa mini ta fuskoki daban-daban. Wani ya jona 'yar fitilar LED kai tsaye a batir, ta yi walƙiya sau ɗaya ta ce ga garinku nan, yana so ya san wace resisto, wato 'yar abar da ake sawa don rage wutar da ke wucewa, ya kamata ya sa. Wani ya auna boltej da amfiya na hitarsa, ga lambobi biyu a hannu, amma bai san inda zai kai su ba. Wani kuma wayar da ya ja daga batir zuwa fitilunsa ce ke ɗumi, yana tambaya ko laifin batirin ne. Duk amsarsu tana cikin rabawa ɗaya da ninkawa ɗaya, lissafin da ɗan firamare zai yi. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Inda mutane ke faɗuwa shi ne lambobin da suke zubawa cikin lissafin, shi ya sa za ka ga na fi daɗewa a kan awo fiye da kan lissafin kansa.

Kalmomi huɗu za mu yi ta juyawa. Boltej shi ne matsin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt, alamarsa V. Kwarara ita ce yawan wutar da ke bi ta cikin waya, wadda masu gyara ke cewa karant, ana auna ta da amfiya, alamarta a lissafi I, a jikin mita kuma A. Turjiya ita ce tirjewar da abu ke yi wa wuta idan za ta ratsa shi, ma'auninta om, alamarta R, a jikin mita Ω. Ƙarfi kuwa shi ne yawan aikin da wutar ke yi a kowace daƙiƙa, ko zafi ne ko haske ko juya inji, ana auna shi da wat, alamarsa P.

1. Tanadi kayan aiki

Maltimita mai nuna lamba, wato mitar da ke auna bolt, amfiya da om, wayoyin gwajinta biyu masu tsinken ƙarfe a baki, ja da baƙa, kalkuleta, takarda da biro. Idan da hali ka ƙara da 'yan wayoyi masu bakin kada don kama ƙafar abin da kake aunawa, domin hannu biyu ba sa isa idan kana riƙe da tsinke biyu kana kuma son rubutu.

Ba sai mita mai tsada ba. Don aikin batir, sola ƙarama da allon na'ura, mai araha ta wadatar. Amma idan za ka taɓa wutar gida, duba gabanta ka ga an rubuta CAT II ko CAT III tare da boltej ɗin da take jurewa, kuma ka tabbatar ramin amfiyarta yana da fiyus. Wasu ƙananan mitoci ramin 10A ɗinsu babu fiyus ko kaɗan. Kuɗin da ka rage a kan irin wannan, wata rana da yatsunka za ka biya.

Gargaɗi: duba robar wayoyin gwajin. Idan ta tsage ko tagulla ta leƙo, canza su. Idan kuma alamar batir ta fito a fuskar mitar, sa sabo kafin ka fara, don mita mai raunin batir tana iya ba ka lambar ƙarya ba tare da ta nuna wata alama ba.

Ka koyi aikin a kan batir mai bolt 12 ko ƙasa da haka. Misalin da zan bi da shi ke nan: batir mai bolt 12 da ƙwan fitilar birkin mota, irin mai zare, wanda aka rubuta 21W a jikinsa.

2. Auna boltej a kan abin da kake so

Baƙar waya a ramin COM, ja a ramin da aka rubuta V. Murɗa mitar zuwa V mai miƙaƙƙen layi idan batir ne ko sola, wato DC, ko V mai lanƙwasasshen layi idan wutar soket ce, wato AC. Idan mitarka ba ta zaɓar mataki da kanta, fara da wanda ya fi abin da kake tsammani: mataki 20 don batir mai bolt 12.

Boltej ana auna shi ne tsakanin wurare biyu, ba a yanke komai. Ka kunna ƙwan, ka ɗora tsinke ɗaya a kan ƙafarsa ɗaya, ɗayan a kan ɗaya ƙafar.

Lura da abin da na ce: a kan ƙafafun ƙwan, kuma yana kunne. Yawancin masu koyo a kan batir suke aunawa tun kafin su jona komai, su ga 12.6, su rubuta. Wannan lambar batir ce yana hutawa. Da ka ɗora masa lodi, wato abin da ke cin wuta, zai ɗan sauka, waya ma za ta ci nata kason a hanya. A misalinmu, abin da ya iso ƙafafun ƙwan bolt 12.4 ne. Shi za ka rubuta. Duk lokacin da kake neman turjiyar wani abu ko ƙarfin da yake ci, boltej ɗin da ke kan wannan abin kaɗai ne naka, ba na tushen wutar ba.

Idan ka ga alamar ragi a gaban lambar, tsinkayen ne ka juya. Babu abin da ya lalace, lambar daidai take.

3. Auna kwarara

Nan ne ake asarar mita, don haka a bi a hankali.

Kwarara ba a auna ta daga gefe. Dole wutar ta bi ta cikin mitar, kamar yadda ruwa ke bi ta cikin mitar famfo. Kashe wutar tukuna. Cire jar waya daga ramin V ka mai da ita ramin 10A, baƙar tana nan a COM. Murɗa zuwa A. Cire waya ɗaya daga jikin ƙwan, ka sa mitar ta zama gada tsakanin wayar da ka cire da ƙafar da ka cire ta. Sannan ka kunna. A misalinmu mitar ta nuna 1.7, wato amfiya 1.7.

Kullum fara da ramin 10A ko da kana ganin kwararar kaɗan ce. Ramin mA fiyus ɗinsa ƙarami ne, a yawancin mitoci bai wuce 'yan ɗaruruwan miliamfiya ba, ƙwan nan namu kaɗai zai ƙona shi nan take. Sai ka ga lambar ta yi ƙanƙanta ƙwarai a 10A, kamar 0.02, sannan ka kashe, ka koma ramin mA don samun lamba mai kaifi. Kada kuma ka bar babbar kwarara tana bi ta cikin mita na tsawon lokaci. A jikin wasu an rubuta daƙiƙa 10 kacal, sannan a bar ta ta huce.

Gargaɗi mafi girma a wannan rubutu: idan jar waya tana ramin amfiya, mitarka ta zama guntuwar waya. Ɗora ta a kan ƙafafun batir ko cikin soket daidai yake da haɗa waya biyu da hannunka. Ni kaina na yi wannan ɗanyen aiki ina sabon koyo. Na gama auna amfiya, na murɗa mitar zuwa V, na manta ban mai da jar wayar raminta ba, na ɗora a kan batirin mota. Tartsatsi ya tashi, bakin tsinken ya narke ya yi wani ɗan ƙulli kamar kan allura, robar ta yi laushi a hannuna. Batir mai bolt 12 ne ya yi haka. Da soket ne, da labarin ya sha bamban. Tun daga ranar, da na gama auna amfiya nake mai da jar waya ramin V kafin ma in rubuta lambar.

A wutar gida ban ba kowa shawarar yanke waya ya sa mita a tsakani ba. Akwai mita mai baki da ake buɗewa a kama waya ba tare da an fere ta ba. Waya ɗaya ake kamawa. Idan ka kama igiyar gaba ɗaya, mai tafiya da mai dawowa a tare, za su soke juna mitar ta nuna sifili, ka ɗauka na'urar ba ta cin komai.

4. Mai da komai bolt da amfiya

Kafin ka taɓa kalkuleta, duba ƙaramin harafin da ke kusa da lambar. Amfiya 1 miliamfiya 1000 ce. Idan mitar ta nuna 20 a matakin mA, abin da za ka sa a lissafi 0.02 ne, ba 20 ba. Haka 350 mA ya zama 0.35. Kilo-om 1, wanda ake rubutawa 1k, om 1000 ne. Kilowat 1 wat 1000 ne.

Dubi yadda kuskuren ke fitowa. Bolt 5 da 20 mA: wanda ya manta ya raba 5 da 20 ya samu 0.25, wanda ya tuna ya raba 5 da 0.02 ya samu 250. Tazarar ninki 1000 ce, kuma kalkuleta ba za ta yi maka gardama ba. Ga wata gajeriyar hanya da masu aikin allon na'ura ke bi: idan ka raba bolt da miliamfiya, amsar a kilo-om take fitowa. Wato 0.25 ɗin nan kilo-om 0.25 ne, daidai da om 250.

5. Fitar da turjiya

R = V ÷ I

Wannan ita ce dokar Om, sunan Bajamushen da ya wallafa ta a 1827. A misalinmu: 12.4 ÷ 1.7 = 7.3. Turjiyar ƙwan yana kunne om 7.3 ce.

Dokar tana juyuwa ta kowane ɓangare. Idan kwarara kake nema, I = V ÷ R. Idan boltej ne, V = I × R. Ba sai ka haddace uku ba. Riƙe V = I × R, sauran biyun rabawa ce.

Yanzu kashe wutar, cire ƙwan gaba ɗaya, bar shi ya huce, murɗa mitar zuwa Ω, ka auna ƙafafunsa. Za ka ga abin da bai kai om 1 ba. A nan mutane ke rikicewa, su ce ko mitar ta lalace ko lissafin ƙarya ne. Babu ko ɗaya. Zaren ƙwan na ƙarfen tongstin ne, turjiyarsa tana hawa sosai idan ya yi zafi, ta ninka ta sanyi sau 10 ko fiye. Lissafi ya ba ka turjiyar zare yana ci, mita ta ba ka ta zare yana sanyi. Wannan ne ma dalilin da irin waɗannan ƙwayayen suka fi mutuwa a daidai lokacin da aka danna makunni: zaren na sanyi, turjiya ƙasa, kwarara mai yawa ta afka masa lokaci guda. Resisto da zaren hita ba su da wannan babban bambanci, lissafi da awo za su zo kusa da juna.

Gargaɗi: kada ka taɓa auna om a kan abin da ke da wuta. Mitar da batirinta take tura 'yar kwarara don ta yi awon, wutar waje za ta ɓata lambar ko ta ƙona mitar. Idan a jikin allo abin yake, cire ƙafarsa ɗaya, in ba haka ba maƙwabtansa za su shiga cikin awon. Na'urar da ke da babbar kondensa kuwa tana riƙe caji bayan an zare ta daga soket, a tabbatar ta sauke kafin a sa hannu.

Sai ƙananan abubuwa biyu. Haɗa tsinkayen mitar da juna kafin awo: za ka ga 0.2 ko 0.3 ko makamancin haka. Turjiyar wayoyin gwajin ce, ka cire ta daga amsarka idan ƙaramar turjiya kake aunawa. Kuma kada ka matse ƙafafun resisto biyu da yatsunka yayin awon babbar turjiya, don jikinka zai shiga lissafi. Idan fuskar mitar ta nuna OL, ko lamba 1 ita kaɗai a gefen hagu, ko dai mataki ya yi ƙasa ko abin ya tsinke a ciki.

6. Fitar da ƙarfi

P = V × I

A misalinmu: 12.4 × 1.7 = 21.08. Wat 21 ke nan, daidai da abin da aka rubuta a jikin ƙwan. Idan awonka da rubutun masana'anta suka haɗu haka, ka san hannunka ya faɗa daidai.

Ba kullum kake da V da I a tare ba, don haka ga 'yan'uwansa biyu:

P = I × I × R, idan kwarara da turjiya ka sani.

P = V × V ÷ R, idan boltej da turjiya ka sani.

Na biyun yana juyuwa ya ba ka turjiya daga takardar da ke manne a jikin na'ura, ba tare da ka taɓa wuta ba. Ɗauki butar dafa ruwa mai lantarki da aka rubuta 230V, 2000W. Kwararta 2000 ÷ 230 = amfiya 8.7. Turjiyar zarenta 230 × 230 ÷ 2000 = om 26.5. Idan butar ta daina zafi, zare ta daga soket, danna makunninta, ka auna om tsakanin ƙafafun fulog ɗinta biyu masu ɗaukar wuta. Ka ga 26 ko 27, zaren lafiya lau, nemi matsalar a wani wuri. Ka ga OL, hanya ta yanke, ko a zare ko a makunni ko a igiya. Ka ga kusan sifili, akwai shot, wato wayoyin biyu sun haɗu kai tsaye a ciki, kada ka mai da ita soket.

Wannan V × V ɗin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ke bayyana abubuwa da yawa da mutane ke mamaki. Turjiyar butar ba ta canzawa. Idan wuta ta yi ƙasa zuwa bolt 180, ƙarfin ya zama 180 × 180 ÷ 26.5, kusan wat 1220. Boltej ya ragu da kusan kashi 22 cikin 100, amma zafi ya ragu da kusan kashi 39. Idan boltej ya koma rabi, ƙarfi kwata yake komawa, ba rabi ba. Ta ɗaya ɓangaren kuma, hitar da aka ƙera don Amurka, inda soket ke ba da bolt 120, idan aka soka ta a bolt 230 irin na Turai, ƙarfin da zai bi ta cikinta ya kusa ninki 3.7 na abin da aka gina ta a kai. Ba za ta daɗe ba.

Kuskuren da ake yawan yi: lambar amfiya da ke jikin caja ko adafta iyakar abin da za ta iya bayarwa ce, ba abin da take turawa dole ba. Cajar da aka rubuta 5V 2A tana iya kaiwa wat 10. Na'urar da ke buƙatar amfiya 0.5 za ta ɗauki 0.5 ɗinta ta bar sauran. Boltej ne dole ya dace daidai. Amfiyar caja kuwa ta kai ko ta fi abin da ake buƙata.

7. Zaɓen resisto don LED

LED ba ta bin dokar Om yadda resisto ke bi. Da boltej ya ɗan haura abin da take buƙata, kwarara sai ta yi tsalle, shi ya sa ba a raba boltej ɗin batir da kwararar LED a ce an samu turjiya. Resiston da za a jera da ita ake yi wa lissafi.

A ce batir bolt 12, jar LED ƙarama mai cin kusan bolt 2, ana son 20 mA. Fara da ragi: 12 − 2 = 10. Bolt 10 ne zai zauna a kan resisto. Sai rabawa: 10 ÷ 0.02 = om 500. Wanda ya tsallake ragin ya raba 12 zai samu 600, fitilar ta ɗan dushe kawai. A batir mai bolt 5 da farar LED mai cin kusan bolt 3 kuwa, tsallake ragin zai ba ka 250 maimakon 100, bambancin haske a bayyane.

Ba lallai ka sami om 500 cif ba, don resisto a kan wasu tsayayyun lambobi ake ƙera su. Na kusa da aka fi samu su ne 470 da 560. Ɗauki na sama, 560, mai zoben kore, shuɗi, ruwan ƙasa. Kwarara ta zama 10 ÷ 560, kusan 18 mA, ido ba zai ga bambanci ba, fitilar kuma ta fi daɗewa.

Saura matakin da kusan kowa ke mantawa: zafin da resiston zai sha. 10 × 0.018 = wat 0.18. Ƙananan resisto da aka saba gani na kwatan wat ne, 0.25. Zai ɗauka, amma zai yi ɗumi. Ni ƙa'idata ita ce in ninka abin da lissafi ya ba ni sau 2 in nemi wanda ya kai haka, don haka a nan na rabin wat zan sa. Resisto biyu suna iya zama om ɗaya amma wat daban, girman jiki ne ke nunawa. Wanda ka gani ya yi baƙi yana ƙauri a kan allo, yawanci om ɗinsa daidai ne, wat ɗinsa ne ya gaza.

Idan babu wanda kake so a hannu, ana haɗawa. A jere, ƙafa da ƙafa kamar sarƙa, turjiya taruwa take: 220 da 330 sun ba da 550. Gefe da gefe kuwa raguwa take: ninka su, ka raba da jimlarsu. Guda biyu masu om 1000 sun ba da 500, kuma sun raba zafin biyu a tsakaninsu.

8. Lissafa abin da waya ke ci

Waya ma tana da turjiya. Wayar tagulla mai kauri 2.5 mm² tana da kusan om 0.007 a kowace mita ta tsawo. Abin kamar ba komai ba, sai an zo ƙaramin boltej.

A ce lodi yana jan amfiya 10 daga batir mai bolt 12, tazararsu mita 10. Wuta zuwa take ta dawo, don haka tsawon waya mita 20 ne, ba 10 ba, kuma nan ma ana yawan mantawa. Turjiya: 20 × 0.007 = om 0.14. Boltej da ya zube a hanya: 10 × 0.14 = bolt 1.4. Zafin da ya tafi a banza: 10 × 10 × 0.14 = wat 14. Lodinka bolt 10.6 ya samu. Da waya mai 6 mm² aka ja, turjiyar ba ta kai om 0.06 ba, asarar ta sauko ƙasa da wat 6. Mai tambayar da wayarsa ke ɗumi, ga amsarka: batirinka ba shi da laifi.

Tunda kwarara sau biyu take shiga lissafin, ninka ta sau 2 yana ninka zafin waya sau 4. Shi ya sa masu babban tsarin sola ke komawa bolt 24 ko 48: ƙarfi ɗaya, kwarara ƙasa, waya ta huta.

Haɗi mai sako-sako ya fi siririyar waya haɗari. Sukurun da bai ɗauru ba ko bakin waya da ya yi tsatsa yana iya kawo turjiyar rabin om. Sa amfiya 10 ta bi ta nan: 10 × 10 × 0.5 = wat 50, duk a wurin da bai kai girman farce ba. Soket ɗin da ka ga gefen rami ɗaya ya yi ruwan ƙasa ya narke, lissafinsa ke nan, kuma fiyus ba zai tsinke ba domin kwararar ba ta wuce ƙa'ida ba. A tsarin batir kana iya kamo irin wannan haɗi da mita: lodi na kunne, ɗora tsinke ɗaya kafin haɗin, ɗaya bayansa, a matakin V. Haɗi mai kyau kusan sifili zai nuna. Duk abin da ya nuna, raba shi da kwararar, ka samu turjiyar haɗin.

9. Inda lissafin ke buƙatar gyara: injina a wutar AC

Duk abin da aikinsa zafi ne, hita, dutsen guga, buta, ƙwai mai zare, P = V × I yana aiki a kansa a wutar AC kamar yadda yake a batir. Abin da ke da mota ko taransifoma a ciki, irin su fanka, firji da injin ruwa, labarinsa daban. A cikinsu kwarara ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da boltej, tana ɗan ja baya, don haka V × I ba wat yake ba ka ba, VA yake ba ka, wato bolt-amfiya. Don samun wat sai ka ninka da wata lamba da ke tsakanin 0 da 1, wadda ake rubutawa PF ko cos φ a jikin injin.

Inji yana jan amfiya 2 a bolt 230: VA 460. Idan PF ɗinsa 0.7 ne, ainihin ƙarfin 460 × 0.7 = wat 322. Lambobin biyu kowace da amfaninta. Waya, fiyus da inbata amfiya 2 ɗin suke ɗauka, don haka da VA za ka zaɓe su. Wat kuwa shi ne aikin da ake yi da abin da mitar gida ke ƙirgawa. Ka kuma bar sarari mai yawa, domin mota tana jan ninkin kwararta sau da dama a daƙiƙar tashi.

Gargaɗi: kada ka raba 230 da 2 ka ce turjiyar koyil ɗin injin om 115 ce. Idan ka kashe ka auna da mita za ka samu ƙasa da haka nesa, kuma hakan ba alamar shot ba ce. Haka nan kada ka auna om na koyil ka yi V × V ÷ R, amsar za ta ba ka tsoro a banza. Caja, talabijin, kwamfuta da ƙwan LED na gida su ma awon om a fulog ɗinsu ba ya gaya maka abin da suke ci. Ga irinsu, ko ka karanta takardar jikinsu, ko ka sa mitar wat da ake sokawa tsakanin soket da fulog.

10. Daga wat zuwa yunit da awannin batir

Wat gudun cin wuta ne, kuɗi kuwa a kan jimlar abin da aka ci ake biya. Ninka wat da awanni, raba da 1000, ka samu kWh, wato yunit. Buta mai wat 2000 da ke aiki rabin awa a rana: 2000 × 0.5 ÷ 1000 = yunit 1. Fanka mai wat 75 da ke juyawa awa 16: yunit 1.2. Fankar da ba ka ɗauke ta a bakin komai ba ta fi butar ci. Ninka yunit da kwana 30, sannan da farashin yunit ɗaya da ke kan takardar kuɗin wutarka, ka ga abin da kowace na'ura ke ɗauka a wata. Mintuna a mai da su awa tukuna: minti 15 shi ne 0.25, ba 0.15 ba.

Batir ma haka. Wanda aka rubuta 12V 100Ah, wato amfiya sau awanni, yana ɗauke da kusan 12 × 100 = Wh 1200, wato wat sau awanni. Idan mai ruwan asid ne, ba a son a riƙa zuƙe shi ƙasa da rabi in ana son ya yi ƙarko, don haka lissafa da 600. Ƙwan nan namu mai wat 21 zai yi 600 ÷ 21, kusan awa 28. Lodi mai wat 150 kuwa awa 4 ne a takarda, idan kuma ta inbata ya biyo sai ka ɗebe kashi 10 zuwa 15 cikin 100 da ita inbatar ke ci, ya rage maka kamar awa 3 da rabi.